Koyon tuƙin jirgi a Zariya: Yadda ɗalibin da ba shi da mota zai riƙa isa filin jirgi a kan lokaci

Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NCAT, tana kan hanyar Sakkwato a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna, daura da unguwar Palladan, tsakanin Kwangila da Samaru. Mutanen Zariya ba sa wahalar da kansu da dogon sunan. Abiyeshan suke ce mata, kuma da wannan suna direbobin bas da masu Keke Napep suka san ƙofarta.

Kuɗin koyon tuƙin jirgi ya kai miliyoyin naira. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ya yi ta maza ya biya wa ɗansa ko 'yarsa, sau da yawa ba ya da rarar da zai ƙara da sayen mota, haka ma ɗalibin da gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa. Saboda haka tambayar da iyaye kan yi ita ce, shin wanda ba shi da mota zai iya wannan karatu? A Zariya zai iya, domin filin jirgin yana bakin babban titin da motocin haya ke bi tun daga asuba har dare. Sai dai akwai sharaɗi: dole ɗalibi ya ɗauki hanyar zuwa filin a matsayin wani ɓangare na horon, ya tsara ta kamar yadda ake koya masa tsara tashin jirgi.

Asalin kwalejin da filinta

An kafa makarantar a shekarar 1964 a matsayin cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama na farar hula, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, da kuma shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya aka sauya mata suna zuwa wanda take amsawa a yanzu. Ban da matuƙa, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage hannu daga hasumiya, da injiniyoyin na'urorin sadarwa, da masu gudanar da harkokin filayen jiragen sama. Ɗalibanta na zuwa daga ko'ina a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, wadda ita ce mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, kuma a 2011 aka naɗa ta shugabar kwalejin.

Filin jirgin Zariya ƙarami ne, titin sauka da tashi guda ɗaya gare shi, kuma jiragen fasinja masu jadawali ba sa zirga-zirga a cikinsa. Ƙananan jiragen horo ne ke shawagi a samansa. An daɗe ana koyarwa da jiragen Tampico ƙirar Faransa, daga baya aka kawo jiragen Diamond ƙirar Ostiriya, DA40 mai inji ɗaya da DA42 mai inji biyu.

A ƙasashe irin su Amurka, inda ake da filayen jirgi kimanin 5,000 da jama'a ke amfani da su, galibin ƙananan filayen suna bayan gari, inda bas ba ya zuwa, don haka mai koyon da ba shi da mota yakan sha wuya ƙwarai. A Zariya gari ne ya bunƙasa ya tarar da filin. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962, da cibiyoyin bincike da ke kewaye da ita, da Asibitin Koyarwa na Shika, su suka sa hanyar Sakkwato ba ta rabuwa da abin hawa.

Dalilin da ya sa makara ke da tsada

Karatun matuƙi kashi biyu ne: darasin aji da darasin sama. Wanda ya makara a aji zai iya aron littafin abokinsa ya kwafa. Darasin sama kuwa sai an haɗa abubuwa huɗu a lokaci guda: jirgi mai lafiya da mai a cikinsa, malami, yanayi mai kyau, da shi kansa ɗalibin. Jiragen ba su kai yawan ɗalibai ba, saboda haka kowa da lokacin da aka yanka masa. Idan lokacin ya yi ba ya nan, wani za a ba, shi kuma ya jira wani zagayen, wanda zai iya zama gobe, zai iya zama mako mai zuwa.

Da sa'o'i ake auna matuƙi. Bisa ƙa'idar ICAO, wadda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ke bayar da lasisi a kanta, mai neman lasisin tuƙa jirgi don buƙatar kansa sai ya yi aƙalla sa'o'i 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai ba malami. Mai neman lasisin kasuwanci kuwa sa'o'i 200 ake nema, ko 150 idan ya bi cikakken kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. Kowace sa'a sai an rubuta ta a littafin tashi. Kuma hannun ɗan koyo yakan yi sanyi idan ya daɗe bai tashi ba, sai malami ya maimaita masa abin da suka riga suka wuce kafin su ci gaba. Ta haka makarar minti 20 a Kwangila kan zama ƙarin makonni a makaranta, da ƙarin kuɗin haya da na abinci a kan iyaye.

Lokacin da aka rubuta na tashi ba shi ne lokacin isowa ba. Kafin jirgi ya motsa, ɗalibi zai karɓi rahoton yanayi, ya zauna da malami su bi darasin ranar, ya lissafa nauyi da mai, sannan ya zagaya jirgin ya duba tayoyi da fukafukai da baƙin mai, ya tsiyayi man jirgin ya tabbatar babu ruwa a ciki. Wannan kan ci kusan sa'a guda. Wani abin da kan rikita sabon shiga shi ne agogo. Harkar jiragen sama da agogon duniya take aiki, wanda masu sauraron rediyo suka sani da agogon GMT, kuma agogon Najeriya yana gabansa da sa'a ɗaya. Ƙarfe 6:00 a agogon GMT ita ce 7:00 a Zariya. Wajibi ne ɗalibi ya tabbatar da wane agogo aka rubuta jadawalinsa.

Hanyoyin cikin gari

Duk wanda zai je Abiyeshan daga gabas ko kudu, sai ya bi ta Kwangila, inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ƙetara hanyar Sakkwato ta gadar sama. Nan ce mahaɗar motocin haya, nan ne kuma cunkoso ya fi tsanani, musamman idan manyan motoci suka tsaya ko aka yi haɗari.

Daga Sabon Gari tafiyar hawa ɗaya ce. Motocin Samaru na tashi daga wajen kasuwa, su bi ta PZ da Kwangila da Hanwa, su ajiye mutum a Abiyeshan kafin su wuce Zango da ƙofar jami'a. Daga Samaru ma haka ne, sai dai a juye, kuma mai zuwa daga can ya tsira daga cunkoson Kwangila gaba ɗaya. Mai fitowa daga cikin birnin Zazzau ko Tudun Wada yakan buƙaci hawa biyu, ya sauka a PZ ko Kwangila ya canza.

Zabi, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tana ɓangaren hanyar Kano. Ɗalibin da ke zaune a can, a gidan iyaye ko na dangi, hawa biyu ne a gabansa, wani lokaci uku idan gidan yana nesa da bakin titi: acaɓa ko keke zuwa titi, daga nan ta wajen Dogarawa zuwa Kwangila, sannan motar Samaru. A taswira tafiyar ba ta da tsawo. Inda lokaci ke zurarewa shi ne jiran abin hawa ya cika a kowane zango, domin direba ba ya tashi da kujera babu kowa don wani yana sauri. Mai darasin ƙarfe 7:00 da ya kamata ya kasance a filin tun 6:00, idan daga Zabi zai taso, to daga masallacin Asuba sai hanya.

Akwai kuma batun tsallaka titi. Titi ne ya raba kwalejin da Palladan, kuma wanda ya zo daga Kwangila a hannun Palladan ake sauke shi. Motocin Funtuwa da Gusau da Sakkwato na wucewa a guje, ga duhun asuba, ga hazo a lokacin hunturu. Gara mutum ya tsaya ya bar su su wuce.

Wane abin hawa ya fi?

Bas ya fi araha, amma shi ya fi cin lokaci, saboda jiran cika da tsaye-tsayen ɗauka da saukewa. Ya dace da ranakun darasin aji da kuma komawa gida.

Keke Napep yana cika da wuri tunda mutum kaɗan yake ɗauka, yana kuma kare mutum daga rana da yayyafi. Mafi amfani ga ɗalibi shi ne ya yi yarjejeniya da mai keke guda ɗaya amintacce, ɗan unguwa wanda aka san gidansu, ya riƙa ɗaukarsa shata a ranakun tashin safe, a biya shi a mako ko a wata. Ɗalibai biyu ko uku da ke unguwa ɗaya za su iya yin karo-karo su raba kuɗin. Yana da kyau a riƙe lambar mutum na biyu, domin keke na lalacewa, mai shi ma yana iya kwana da zazzaɓi.

Acaɓa ya fi kowa sauri a cunkoso, amma ga mai koyon tuƙin jirgi haɗarinsa ya wuce karaya da jinya. Ba a barin kowa ya tuƙa jirgi sai da takardar shaidar lafiya daga likitan da NCAA ta amince da shi, kuma mai neman lasisin kasuwanci takarda mai daraja ta ɗaya ake nema a wurinsa, wadda ake duba ido da kunne da zuciya da ƙwaƙwalwa kafin a bayar. Bugu a kai, musamman wanda ya kai ga suma, zai iya sa a dakatar da takardar na tsawon watanni, wani lokaci ya raba mutum da aikin baki ɗaya. Idan hawan ya zama dole, ɗalibi ya mallaki hular kwano tasa, kada ya yarda a yi masa goyon biyu, kuma ya taƙaita shi ga layukan unguwa. A tuna kuma cewa dokar babur kan sauya: a 2014 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana acaɓa a wasu garuruwa, ciki har da Zariya da Sabon Gari, a 2021 kuma ta hana hawa babur na wani lokaci saboda matsalar tsaro. Wanda ya jingina karatunsa kacokan a kan babur, rana ɗaya sanarwa za ta iya tsayar da shi.

Keken hawa da tafiyar ƙafa sun wadatar ga mazauna Palladan da Zango da Hanwa, ba kuɗi, ba jiran kowa. Sai dai ta ƙofa ake shiga. Yanke ta cikin filin jirgi ko tsallaka shinge laifi ne babba, kuma ɗalibin da aka kama yana ratsa titin jirgi don gudun makara ya jawo wa kansa abin da ya fi makarar.

Kayan da ɗalibi ke ɗauka ma abin lura ne: na'urar saurare ta kunne mai tsada, littafin tashi, taswirori, lasisin koyo da takardar likita. Littafin tashi shi ne shaidar duk sa'o'in da aka biya, saboda haka a sa shi cikin leda a jakar da ruwa ba ya ratsawa, a kuma riƙa ɗaukar hoton shafukansa a waya. Farar rigar makaranta ba ta jure ƙurar hanya, shi ya sa wasu kan ɗora wata riga a kai har sai sun isa.

Wurin zama shi ne rabin maganin

Kwalejin tana da ɗakunan kwanan ɗalibai a cikin harabarta. Wanda ya samu gurbi a ciki ya huta da mafi yawan abin da aka lissafa a sama, don haka tun ranar karɓar takardar shiga ya kamata a nemi bayani a kai. Wanda bai samu ba, ko magidancin da ya zo da iyali, ya fara neman haya a unguwannin da ke kusa kafin na nesa. Ɗakin da ya fi araha a Zabi ko bayan Dogarawa zai iya fin na Palladan tsada idan aka haɗa da kuɗin hawa huɗu ko shida a kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma yana bin farashin mai duk inda ya nufa. Lissafin da ya dace shi ne a haɗa haya da kuɗin mota na wata guda, a kwatanta unguwa da unguwa.

Ɗan Zabi da ke gidan iyayensa ba ya biyan haya, saboda haka ba lallai ne ya tashi ba. Abin da zai yi shi ne ya samu wurin kwana kusa da kwalejin, wajen aboki ko ɗan uwa, a daren da zai wayi gari da tashin farko.

Mai neman haya ko sayen fili a gefen shingen filin jirgin ya bincika takardu da kyau. An daɗe ana taƙaddama kan iyakar filin kwalejin, kuma a 2021 hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, ta rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland a kan wannan batu.

Yanayi da jadawali

Ɗan koyo da idonsa yake tuƙi, yana kallon ƙasa da sararin sama, kuma ƙa'idar irin wannan tashi a ƙasa-ƙasa ita ce a iya hangen aƙalla kilomita 5. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, hazon hunturu kan rufe Zariya har a kasa cika wannan sharaɗi, a yi kwanaki jirage na ajiye. Ranar da gari ya washe kowa so yake ya tashi, kuma wanda yake kusa shi ake kira. A bazara iskar rana tana da zafi da tangal-tangal, jirgi ba ya samun ƙarfin tashi kamar da safe, shi ya sa malamai suka fi son fita da sababbin ɗalibai da sanyin safiya. A damina kuwa hadari ya fi haɗuwa da yamma ko cikin dare, sai a wayi gari layukan unguwa sun cika da taɓo, masu keke sun ƙi shiga.

Saboda haka jadawali yana iya sauyawa a cikin sa'a guda. Kafin ɗalibin da ke nesa ya kashe kuɗin shata, ya kira ya ji ko za a tashi. Idan kuma ya riga ya isa aka soke, kada ya juya nan take, domin hazo kan ɗaga da hantsi, wani kuma kan rasa zuwa a ba wanda ke wurin. Ranakun da jami'a ke komawa hutu, ko bikin yaye ɗalibai, ko jarrabawar shiga, da kuma lokacin sallar Juma'a, hanyar Samaru kan cushe, sai a ƙara lokaci a kan wanda aka saba.

Masu zuwa daga wasu garuruwa

Tunda jirgin fasinja ba ya sauka a Zariya, mai zuwa daga nesa a Kaduna ko a filin jirgin Malam Aminu Kano zai sauka, ya ƙarasa a mota. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, ana samun mota a tashar Kawo. Daga Kano kimanin kilomita 150 ne, ana hawa a tashar Unguwa Uku. Mai zuwa daga Abuja zai iya bin jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016 ya sauka a Rigasa, daga nan ya nemi Kawo. Dukkansu su ce a sauke su a Kwangila. Masu zuwa daga Sakkwato da Gusau da Funtuwa kuwa ta gaban ƙofar kwalejin motarsu za ta wuce, sai su sauka tun kafin a kai tasha. A tsara tafiya yadda za a isa da rana, saboda tsaro da kuma sauƙin samun abin hawa.

Zama a Kaduna ko Kano ana zuwa darasin sama kullum ba dabara ba ce, ko da mota, balle babu. Matuƙi ba ya shiga jirgi da gajiya, kuma malami na da ikon hana ɗalibin da ya ga alamar bai yi barci ba.

Tashin dare da tafiyar nesa

Horon ba a Zariya kaɗai yake ƙarewa ba. Lasisin farko yana buƙatar ɗalibi ya yi tafiyar aƙalla kilomita 270 shi kaɗai, ya sauka a filaye biyu daban. Na kasuwanci yana buƙatar tafiyar kilomita 540, da kuma sa'o'i 5 na tashin dare ga wanda zai yi aiki da dare. A irin wannan tafiya yanayi zai iya ɓaci ko jirgi ya nuna matsala, ɗalibi ya kwana a garin da bai yi niyya ba. Filin Kano yana cikin gari, amma na Kaduna yana da tazara, kuma motar filin jirgi ba ta da araha. Wanda zai fita irin wannan tafiya ya riƙe tsabar kuɗi ban da na banki, da waya mai caji, da katin shaida, da lambar wanda zai kira a garin. Ɗalibin da ya san aljihunsa zai kai shi masauki ba zai matsa wa kansa ya taso cikin hadari don gudun kwanan hanya ba, kuma irin wannan matsin na daga cikin abubuwan da aka sani suna jawo haɗarin ƙananan jirage a duniya.

Darasin dare kuma yakan ƙare bayan motocin haya sun yi ƙaranci. Tun da rana ake shirya wanda zai zo ɗauka, ko a nemi wurin kwana a kusa. Ga ɗalibai mata wannan ya fi muhimmanci, kuma ya fi kyau ya zama direban da gida suka sani.

Abin da iyaye za su sa a lissafi

Kafin a biya kuɗin makaranta, yana da kyau a ware kuɗin zirga-zirga na tsawon kwas ɗin, a ƙara wani abu a kai, domin hazo da gyaran jirage kan sa karatun ya zarce lokacin da aka tsara. A tambayi ofishin ɗalibai ko kuɗin da aka biya ya haɗa da ɗaki da abinci, da abin da dokar makaranta ta ce game da wanda ya rasa lokacin tashinsa. A je a ga unguwar da ɗalibi zai zauna, a gwada hanyar sau ɗaya da asuba a ranar aiki, a duba agogo daga ƙofar gida har ƙofar Abiyeshan. Abin da agogon ya nuna, a ƙara masa rabin sa'a, shi ne lokacin da ɗalibi zai riƙa fita.